Mai Zana Kofin Shayi

A wani kantin kayan gilashi a unguwar Faisal, can ƙasar waje, Azara, 'yar kasuwa daga Damagaram, tana zaɓen kofunan shayi, amma idonta na kan dattijon da ke gefenta. Kansa fari fat, fensir maƙale a kunne. Yana zagaya bakin wani kofi da babban yatsa, ido a rufe, kamar mai jan carbi.

Mai kanti ya raɗa mata cewa dattijon nan ne ke zana wa masana'anta surar kofunan nan, inji ya fitar da dubbai.

Dattijon ya lura da yadda ta kama kofi ta baki da yatsu biyu.

"Ma'alish, yi haƙuri, Hajiya, me ya sa kike riƙewa nan?"

"Wurinmu ba a jiran shayi ya huce, Ustaz. Bakin nan kuwa ba kauri, yatsa yake ƙonawa."

Azara ta raya a ranta, wannan nasa shayin kullum a gefen takarda yake hucewa, ba abokin sha.

Ya zaro fensir. "Shekara talatin ido nake zana wa kofi," in ji shi. "Miƙo yatsunki in auna."