Abin da Na Cire Daga Kayan Bilqis

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, tara ga watan Fabrairu na shekarar 2021, da hantsi, ina zaune a ɗakina na unguwar Abu Hail ina yanka salatif na ƙunshin wata amarya, aka bugo mini waya daga asibiti cewa Bilqis Ado Ringim ta cika. Kwananta goma sha ɗaya tana fama da korona. Shekarunta talatin da huɗu. A nan Dubai aka binne ta, maza kaɗan aka bari suka raka ta, mu mata ko gawarta ba mu gani ba.

Bilqis, na rubuta miki gajeriyar ta'aziyya, an karanta a ƙungiyar matanmu, kowa ya yi kuka, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinta. Amma ban faɗi duka ba. Wannan doguwar taki ce, sai kuma yayanki Malam Musbahu da zan aika wa Kano. Shi ɗin ma sai da na yi kwana uku ina auna shi a raina kafin na yarda. Kin san halina, ko gishiri aka miƙo mini sai na ɗanɗana.

Na fara saninki a 2017, a wani taron suna. Ni Mahfuza mai lalle, ke kuma ma'aikaciyar karɓar baƙi a wani ofis a Al Khabaisi. Kika tsaya a kaina ina zana wa maijego, kika ce, "Anti, hannunki ya fi ƙarfin hoton da kike ɗauka." Na ji haushi, wallahi. Amma washegari sai ga ki a ƙofata, kika ja ni bakin taga, kika nuna mini yadda hasken rana ke fito da jan lalle a hoto. Daga wannan makon masu nemana suka ƙaru.

Shekarar da aka yi mini aikin ciki, mijina yana kan hanya da babbar mota, ke kika kwashe kayanki kika dawo wurina mako biyu. Ke kika yi mini wanka, ke kika dama mini kunun gyaɗa, kika kuma jure bakina, wanda ko da lafiyata ba kowa ke iya jure shi ba. Duk macen da ta sauka garin nan ba ta san gabas ba, ke ce mai raka ta gwajin biza, ke ce mai nuna mata inda ake samun daddawa da kuka a unguwar Deira. Rabin albashinki Kano yake tafiya, wurin Hajiyarku da 'yarki Khairunnisa. Waɗannan na gani da idona, kuma zan shaide su a ko'ina.

Ƙarshen 2018 aikinki ya ƙare. Ba ki koma gida ba. Kika kama ɗaki ɗaya a wani filat na haɗaka a Al Muraƙƙabat, kika sayi kyamara ta hannu, da fitila mai zobe, da farin ƙyalle da kika shimfiɗa daga bango zuwa ƙasa. Kika ce mini kin buɗe sana'ar bidiyon talla, na masu sayar da takalma da mayukan ƙafa. Abin da kike so a wurina mata ne masu kyan sawu. Za a yi musu lalle kyauta, su tafi da takalmi sabo, kuma fuska ba za ta fito ba. Na kawo miki su, matan aure da zawarawa, ɗaya bayan ɗaya. Suna zuwa da rana bayan sun kai yara makaranta, su cire mayafi, a sha shayi, a yi ta raha, ni ina zane ke kina gyara fitila.

Ba a yi wata uku ba zuciyata ta ƙi kwanciya. Tallar takalmi, amma sau da yawa babu takalmin. Sai ki kawo dabino mai laushi a faranti ki ce a taka a hankali. Wata rana madara a roba, a tsoma ƙafa a fitar. Wata rana rairayi kika ɗebo daga bakin teku, a ɓata sawu da shi, sannan a wanke, ke kuma kin ajiye makirfo a ƙasa yana ɗaukar ƙarar ruwan. Na yi ta duba shafukan masu takalma, ban taɓa cin karo da aikinmu ba ko sau ɗaya. Na tambaye ki sunan shago guda, kika yi dariya kika ce, "Anti, Turawa ne, kin san su da son abin banza. Khalas, bar maganar, sha shayinki." Na sha. A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɗora miki shi ba. Na ga alamu, na yi shiru, domin sana'ata tana tafiya kuma ina son zaman ɗakin nan.

A watan Oktoban 2020 Alhaji Labaran mai kago, wato mai jigilar kayan mutane zuwa gida, ya zo ƙofata bayan la'asar. Mijin Wasila ne, ɗaya daga cikin matan da na kai miki, uwar 'ya'ya huɗu. Bai shigo ba. Ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Hajiya, wannan ba hannunki ba ne?" Hoton ƙafa ne a kan dabino, an ciro shi daga bidiyo, da rubutun Turanci a ƙasa wanda ko ban iya karatu sosai ba na gane ba na talla ba ne. Na ƙura wa hoton ido. Duk lallen da na yi a rayuwata ina rufe shi da ɗigo uku a ƙarƙashin idon sawu, haka kakata ta koya mini, kuma babu macen Hausa a Deira da ba ta san wannan ba. Ga ɗigon nan uku. Ga kuma tabon ƙunar mai a ƙaramin yatsa, wanda na san na Wasila ne, shi ma ya sani.

Na ce masa zanen nawa ne, amma na yi wa mata fiye da talatin irinsa, kuma masu ƙuna a ƙafa ba su da iyaka tunda duk muna suya. Na so in tambaye shi a ina shi ya samo hoton, da me ya kai shi wurin. Ban tambaya ba, shi ma bai faɗa ba. Sai ya ce, "An ce masu ɗaukar irin wannan suna ajiye na asali, wanda ba a yanke ba." Ya mayar da wayarsa aljihu ya tafi.

Ko mayafi ban gyara ba na hau tasi na zo miki. Ranar kika faɗa mini gaskiya. Akwai wasu maza a ƙasashen waje da sha'awarsu ta tsaya a ƙafar mace, su suke aiko miki da abin da suke so, ke kuma ki ɗauka ki sayar musu. Kina kuka kina cewa, "Anti, babu tsiraici, babu fuska, babu suna. Ƙafa ce kawai." Na ce miki a wurin Baturen ne take ƙafa kawai. A wurinmu ƙafar da aka yi wa lalle an san mai ita, an san wadda ta zana, an san ma bikin da aka yi shi dominsa. Kin ɓoye fuska kin bar abin da mata suka fi ganewa. Kuma ba ki tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba, Bilqis. Wannan ne ya fi ƙona mini rai, har yau bai daina ba.

Na tambaye ki maganar na asali. Kika nuna mini wata 'yar baƙar na'urar ajiya, girmanta bai wuce sabulun wanka ba, wadda kike jonawa da kwamfuta. Kika ce kyamara tun daga zaman farko take kunne, saboda haka komai yana ciki, fuskoki, gashi a buɗe, hira da sunaye, daga baya ne kike yanke sama ki bar ƙasa. A kwamfutar babu komai, duk a nan kike tarawa. Na ce ki goge yanzu ina tsaye. Kika ce za ki goge, amma sai kin kwashe wasu abubuwanki daga ciki tukuna. Kika rantse kin rufe sana'ar. Ina so in yarda. Amma a watan Janairu na zo na tarar da farin ƙyallen nan a kan igiya, an wanke shi bai bushe ba. Ban tambaye ki ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya.

Malam Musbahu, yanzu da kai nake. Kwana biyu da rasuwar, tun ba mu daina karɓar gaisuwa ba, Alhaji Labaran ya ce shi zai kai kayanta Kano a kwantenarsa, saboda Allah, ba a biya ba. Ya aiko da kwalaye. Ya ce kwamfuta da kyamara da duk wani kayan wuta a sa su a kwali daban, wai saboda kwastan, kuma a kai masa ofis da kansa zai rufe. Sau uku yana bugo waya a kan wannan kwalin kaɗai, bai taɓa tambayar atamfofi ba. Zan yi masa adalci, ya saba kai kayan mamata gida, ya yi wa mutane da yawa kafin Bilqis, mai yiwuwa ne ladan kawai yake nema. Allah ne Ya san zuciyarsa. Ni dai ban yarda ba.

Ka san yadda muke yi da kayan mamaci. Ba a taɓa ko allura sai an tara shaidu an rubuta komai, domin ya zama na magada, kuma a nan akwai marainiya a ciki. Na san abin da aka ce game da mai cin dukiyar maraya, tun ina allo na sani. Duk da haka, ana gobe za a rubuta kayan, na ɗauki mabuɗin da ta bar mini na je ɗakin da azahar, na ciro na'urar daga ƙarƙashin katifa na sa a jakar lallena. Washegari na zauna cikin shaidu, aka rubuta, na sa hannu kamar kowa. Takardar da ta iso maka akwai abu ɗaya da babu a cikinta, kuma ni na cire shi.

Ina da ita a ɗakina saƙonka ya shigo. Ka ce Khairunnisa ba ta tambayar gwal ko sutura, baƙin abin nan kawai take tambaya, domin Mamanta ta gaya mata a ciki take ajiye bidiyonsu. Zuwan da yarinyar ta yi hutu a 2019, da wasansu a bakin teku, da wasu saƙonni da Bilqis ta yi ta ɗauka tana cewa sai 'yarta ta girma za ta ba ta. Sai a lokacin na gane waɗanne ne abubuwan da ta ce sai ta kwashe.

Kwana biyu na yi ina juya abin a hannuna. Ni ban iya kwamfuta ba, tata kuma a kulle take, babu wanda ya san lambar. In na kai wa masu gyara a kasuwa su raba mini, maza ne, za su ga komai, kuma wanda ya gani zai iya kwafa ban sani ba. In na aiko maka, hanyar ta hannun Alhaji Labaran ce, ko ta hannun wani da ya san shi. Na lissafa matan da na kai ɗakin nan da ƙafata, su goma sha bakwai, babu wadda ta san me aka yi da ita. Na tuna Wasila da 'ya'yanta huɗu, da irin kallon da mijinta ke yi mata tun Oktoba. Na tuna yarinya 'yar shekara tara da take son ta sake jin muryar uwarta. Ranar Juma'a da safe na sa na'urar a turmin da nake daka yaji, na daka ta har sai da ban ga wani yanki da ya kai farce ba. Ina dakawa ina kuka, kuma ban buɗe ta ba ko sau ɗaya.

Ban san ko na yi daidai ba. Ban ma san ko ta riga ta goge na matan ba, ya zamana na yarinyar kaɗai na hallaka. Wannan tunanin shi ke hana ni cin abinci. Na faɗa maka ne domin kai ne waliyyin marainiyar, haƙƙinta ne na taɓa, kuma ba na son in haɗu da Bilqis da wannan a wuyana a ɓoye. In ka gama karantawa ka ƙona takardar, don Allah, ko matarka kada ta gani.

Ya Allah, Ka jiƙan Bilqis. Ka auna mata kunun da ta dama wa marasa lafiya da baƙin da ta raka, Ka rufa mata asiri a can kamar yadda muke ƙoƙarin rufa mata a nan. Ka sanya zazzaɓin da ta sha ya zama kaffara, Ka haskaka kabarinta a ƙasar da ba tata ba. Haƙƙin matan nan kuma, Kai ne mai iya sa su yafe abin da ba su sani ba, Ka sa su yafe mana, ni da ita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da kai Malam Musbahu, da sauran 'yan uwa na Kano da Ringim. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya Khairunnisa, Ya yi mata albarka. Roƙona ɗaya a kanta. In ta sake tambaya, kada a ce mata abin ya ɓata a kago, kada ta yi ta jiran ranar da za a gano shi. A ce mata Anti Mahfuza ce ta fasa shi da hannunta. Ta ƙi ni in za ta ƙi ni, na ɗauka, in dai ba za ta taɓa sanin dalili ba.

Allah Ya gafarta miki, ƙanwata. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.