Famfon Ya Zainaba

A Bulabulin kowa ya san Ba'ana bakanike, wanda bai san fuskarsa ba ya san tafin ƙafarsa, don shekara ashirin da shida ya yi kwance ƙarƙashin motocin mutane.

Ba'ana ba ya zubar da abu a banza. Baƙin man da ya juye daga inji, a wurinsa magani ne. Ya yayyafa a filin gareji ƙura ta kwanta, ya shafa wa ƙyaure saboda gara. Maƙwabci ya zo da galan, ya cika masa kyauta, a tsiyaya a masai, wari ya mutu, sauro ya mutu. Ragowar sai ya tuttule a wani rami bayan gareji, har da ruwan matattun batura.

"Yashin Borno ne," in ji shi, "komai ka ba shi shanyewa yake."

Shekarar da mahaifiyarsa Ya Zainaba ta rasu, ya sayar da motarsa ƙwaya ɗaya, ya haƙa burtsatse a bakin gareji, ya kafa famfon tuƙa-tuƙa, sadaka ga tsohuwa. Kullum da safe sai ya zauna kan taya yana kallon mata da bokitai, yana washe baki kamar shi ya ƙirƙiro ruwa. Duk bokitin da ya cika, a ransa lada ne ya tafi kabari.

Filin dai ba nasa ba ne, na Alhaji Abdulwahab ne. Bana Alhaji ya samu mai saye, wani da zai kafa masana'antar ruwan leda, shi kuwa ya ce sai an auna ƙasa da ruwa tukuna. Aka turo wata injiniya daga Mairi mai suna Hope, da safar hannu da ƙarfen huda ƙasa.

"'Yata, fetur ake nema a garejina?" in ji Ba'ana. "In an samu, da rabona."

Ta yi dariya, ta ci gaba da murzawa. Yashin farko ya fito fari. Kafin ƙarfen ya nutse kamu biyu, sai ga shi baƙi ƙirin yana maiƙo. Dariyar ta ɗauke. Ta taka daga ramin bayan gareji zuwa famfo tana ƙirga sawu. Goma sha huɗu.

"Baba, burtsatsen nan yana da zurfi?"

"Iya inda motata ta kai."

Ta ɗura ruwa a kwalabe ta tafi. Bayan mako uku ta dawo da takarda da ma'aikatan lafiya biyu.

"Baba, akwai mai a ruwan nan, akwai dalmar batur. Yashin bai shanye ba, gangarawa ya yi da su ƙasa. Kada yara su ƙara sha."

"A tafasa mana."

"Wuta ba ta fitar da dalma, Baba."

Ba'ana ya tuƙa famfo, ya cika moɗa, ya kwankwaɗe a gabanta. "Na mutu?"

Matan da ke layi ta kalla, da goyonsu. Shi ma ya kalla.

Ma'aikatan suka zo cire hannun famfo, ashe sufanar da suka riƙo ba ta shiga. Suka yi ta fama suna cinye kan noti. Ba'ana ya kasa jurewa, ya ture su, ya ɗauko tasa. Murɗa huɗu ya kwance abin da ya ɗaura da hannunsa.

Mai saye ya fasa. Alhaji ya ba Ba'ana wata guda ya kwashe ƙarafansa. Maƙwabtan da suka sha zuwa da galan kuwa, yanzu kowa malami ne.

"Ni dama tuntuni nake jin warin kananzir," in ji mai shayin bakin layi, wanda ya shekara tara yana dafa wa mutane shayi da ruwan.

Ranar Juma'a Ba'ana ya tare liman a ƙofar masallaci.

"Malam, ladan sadakar dai ka ce yana isa ga tsohuwa. To cutar fa? Ita ma ta isa?"

Liman ya ce a'a, niyya Allah yake dubawa. Ba'ana ya yi godiya, ya sa takalmi.

Yanzu yana gyaran Keke Napep a gindin wata darbejiya a Limanti. Baƙin mai yana tara shi a durom, ba ya ba kowa. Hannun famfon yana ƙarƙashin bencinsa, naɗe cikin buhu. Limamai uku ya ƙara yi wa tambayar nan tun daga lokacin.