Hantar Ƙanwata

A gidanmu na Makera hanta ba abincin kowa ba ce, ta ƙanwata ce. Da matsalar ido aka haife ta: idanunta farare tas, amma rawa suke yi, kuma sai ta kawo abu dab da hancinta take gane shi. Wani abokin aikin Baba a masaƙar Kakuri ya ce masa hanta na ƙara hasken ido. Shi ke nan fa. In Baba ya taso aiki da la'asar, sai ya biya wurin mai tsire ya sayo gasasshiya, a naɗe cikin takardar siminti.

Ni, babbar 'ya, ƙamshi ne rabona. Baba zai ɗora ƙanwata a cinya yana ba ta a baki, ni ina gefe ina haɗiyar yawu.

"Baba, ni fa?"

"Ke da idonki kamar na mage? Ki gode wa Allah."

Na gode masa, amma raina bai so ba. Haushin yarinyar nan nake ji har wuya. Abin da ya fi ƙona ni, yadda take taunawa a hankali, tana yamutsa fuska, kamar alfarma take yi wa naman. Har addu'a na taɓa yi nawa idon ya ɗan yi ciwo, ko da sati guda ne.

Tana aji biyu Baba ya tsallaka gada da ita zuwa asibitin ido. Likita ya ce jijiyar idon ce ba ta gama girma ba tun a ciki. Ba magani, ba aiki, tabarau ma kaɗan zai taimaka. Baba ya tambayi batun hanta, likita ya girgiza kai.

Washegari duk da haka ya sayo, ƙafarsa ta riga ta saba. Amma bai zauna ba. Ya ajiye ƙunshin a tsakaninmu ya ce, "Ku raba." Ya shige ɗaki ya saki labule.

Ƙanwata ta lalubi takardar ta turo mini.

"Yaya, cinye duka. Ni dama ba na son ta, ɗaci take mini. Don Baba ya ji daɗi nake ci."

Na ɗauki yanka ɗaya, na mayar da shi cikin takardar. Wallahi ko a lokacin kishinta nake yi. Shekara da shekaru tana da abin da take yi wa Baba, ni ba ni da komai.