Ƙwan Ƙanwata

Zan faɗi abin yadda ya zo, ɗaya bayan ɗaya, don ba na son labarin da aka fara daga tsakiya.

Da farko akwai aure. An ɗaura shi a Damagaram, na biyo maigidana Paris a farkon shekarun dubu biyu, muka zauna a Stains, a bene na can sama. Shi yana gadi a wani babban shago. Ni ina aiki a ɗakin cin abinci na wata makarantar ƙananan yara: in jera faranti, in zuba abinci, in goge tebur, in wanke hannun wanda ya shafa miya har gwiwar hannu. Karatuna bai yi nisa ba. Faransancina na aiki ne da na kasuwa, ya ishe ni in tambayi hanya in kuma tsawata wa yaro.

Bayan aure sai jira. Shekaru suka wuce ban taɓa ko ɓatan wata ba. Na sha abin da Inna ta aiko daga gida, na sha rubutu, na sha ƙwayoyin likita. Daga baya aka tura ni wani asibiti cikin Paris, aka ɗebi jini, aka duba ciki da na'ura. Likitar ta ce mahaifata lafiya lau take, tana iya riƙe ciki. Ƙwan ne ya ƙare tun kafin lokacinsa. Sai da ta zana mini a takarda kafin na gane. A wurinmu ƙwai na kaza ne da na zabuwa. Ban taɓa jin an ce mace tana da shi ba, balle a ce ya ƙare mata kamar shinkafa a buhu.

Ta ce hanya ɗaya ta rage: a karɓi ƙwan wata mace, a haɗa da ruwan maigidana, a sa mini. Amma akwai layi, kuma layin baƙaƙen mata ya fi tsawo, don suna ba mace ƙwan mai launinta, mu kuwa ba mu cika bayarwa ba. Akwai kuma shekarun da in na kai su asibiti ba zai ƙara taɓa ni ba, kuma ban yi nisa da su ba. Sannan ta ce in na kawo macen da za ta bayar, wadda ta taɓa haihuwa kuma ba ta manyanta ba, abin zai yi sauri.

Wannan maganar ta ƙarshe na ɗauka na fita da ita, kuma da tunanin gidanmu na fahimce ta. A danginmu in mace ba ta haihu ba, 'yar uwarta mai ciki takan ce mata, “Wannan na ba ki.” In an yaye yaron a kai mata shi da kayansa. Kowa ya san wanda ya bayar, kowa ya san wanda ya karɓa, kuma maganar in ta fita ba a mayar da ita. Gwaggonmu ta haka ta samu ɗanta, shi ya binne ta. Sai na ce a raina: to, abu guda ne, sai dai Nasara suna yin kyautar da wuri, tun kafin a kai ga ciki.

Ƙanwata, autarmu, tana Lyon. Mijinta ya zo karatu ya samu aiki, suna da yara uku. Na bi ta kasuwar Château Rouge na sayi kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, na hau jirgin ƙasa. Ban iya zama a kujerata ba, tsaye na yi rabin hanyar a bakin ƙofa. Na same ta a kicin tana yanka albasa.

“Yaya, kin zauna bakin kujera kamar mai jiran bus. Ki cire manto ɗin mana, ba sanyi a nan.”

“Magana ce ta kawo ni.”

“Na sani. Ke ba ki zuwa sai da magana. Ko ranar sunan ɗan ƙaramin nan da magana kika zo, wai labulena ya yi datti.”

“Ya yi datti ɗin ai.”

Na jera mata abin da likita ta ce, tun daga jini har zuwa layi. Ta ajiye wuƙar tana dariya.

“Ƙwai? Ashe ni kaza ce ban sani ba. Nawa kike so, tire guda?”

“Auta, ba wasa nake ba.”

“Na ga fuskarki.” Ta goge hannu a zaninta, ta zo ta tsaya gabana. “Na ba ki.”

“Ki yi shawara da mijinki tukuna.”

“Zan gaya masa. Amma na ba ki. In cikin ne ma a sa mini in ɗauke miki, wata tara ba kashe ni zai yi ba, na saba.”

Maigidana bai yi dariya ba da na gaya masa. Ya je wani masallaci a unguwar Goutte d'Or ya tambayi Malam. Ya dawo ya cire takalmi, ya wanke hannu, ya ci tuwonsa, sannan ya ce, “Na tambaya, an ce a'a.” Na tsaya da kwano a hannu. Ya ce, “Ba zan sake tambaya ba. Ki gaya mini ranar da ake so in je.” Ba mu ƙara tayar da zancen ba, amma na lura ya daɗe a kan sallaya a watannin nan.

Da yake Auta ba ta iya barin yara, sai aka mayar da dosiyena, wato takarduna na jinya, wani asibiti na Lyon. Daga nan na zama 'yar hanya. A gida kuwa na kasa zama. In sauke kayan kabad in sake jerawa, in wanke firigo, na'urar sanyin nan, alhali ba shi da datti, in auna kusurwar ɗaki da taku in ga ko gadon jariri zai shiga. Ina ta lissafin kamanni: jinin Auta jinina ne, yaron zai fito da goshin Baba, ba wanda zai ce komai a Damagaram.

Ranar da muka shiga wurin likitar Lyon tare, Auta ce ta riƙe maganar, don Faransancinta ya fi nawa. Ta fara da tambayar ɗaukar ciki. Likitar ta ce a ƙasar nan doka ta hana mace ta ɗauki ciki don wata, wadda ta haifa ita ce uwa. Auta ta ɗaga kafaɗa, ta ce to, yaushe za a sa wa yayarta nata ƙwan. Likitar ta dube ta, ta dube ni, ta cire tabarau. Ta yi bayani a hankali. Na ji kalmomin amma ban haɗa su ba, sai na ga Auta ta daina motsi.

“Yaya,” ta ce da Hausa, “ba ke za a ba ba.”

“Kamar yaya?”

“Nawa za a ba wata da ba mu sani ba. Ke kuma a ba ki na wata da ba mu sani ba. Kawo ni da kika yi, gaba kawai zai matsar da ke a layi. Ta ce an gaya miki a Paris.”

Mai yiwuwa an gaya mini. Akwai kalmar da likitar Paris ta yi ta maimaitawa, *anonyme*, na ɗauka tana nufin za a rufa mana asiri, ba za a gaya wa mutane ba. Har na yi mata godiya a kan haka.

A tashar tiram, jirgin cikin gari, muka yi ta. Ana yayyafi, ba wadda ta buɗe lema.

“Kin ce kin ba ni,” na ce.

“Ke na ba. Ban ba Faransa ba.”

“Magana in ta fita a gidanmu ba a mayar da ita.”

“A gidanmu in aka ba da yaro ana sanin ƙofar da ya shiga. Ana kai masa kayan sallah. In ba shi da lafiya a aiko. Wannan fa? In ɗana ya girma ya kawo mini yarinya ya ce ita zai aura, me zan tambaye ta? In ce ɗiyata, daga wane firigo aka ɗauko ki?”

“Ba ɗa ba ne, ƙwai ne.”

“Jiya da naki ne ai ɗa ne. Har goshin Baba kika ba shi.”

Tiram ya zo, ta shiga, na shiga ta wata ƙofar. Washegari na koma Paris ban karya kumallo a gidanta ba.

Muka yi watanni ba ma magana sai gaisuwa. Ina kiranta kowace Lahadi, don ni ce babba kuma ba na fasa abin da na saba. Ina gida, ina yara, ina maigida, lafiya lau, sai an jima. Ban roƙe ta ba. Ban kuma ce na yafe ba. Na kira asibitin na tambayi matsayina a layi har matar da ke amsa waya ta gane muryata tun daga sallama. A wurin aiki na yi wa wani yaro tsawa don ya zubar da ruwa, har shugabarmu ta kira ni gefe.

Auta ce ta kira, ranar Laraba, ina goge tebur.

“Yaya, wadda za ta ba ki ɗin, ita ma ƙanwar wata ce. Tana can ana ɗaure mata fuska kamar yadda kike ɗaure mini.”

“Ban ɗaure miki fuska ba.”

“Ta waya ma ina ganinta. Ki zo ki riƙe mini yara, an ce allurai ne kullum. Kuma kada Inna ta ji.”

Na ɗauki hutu na je. Ni nake yi mata allurar a ciki, don ita ba ta iya kallo. Cikinta ya kumbura, tana tafiya kamar mai ɗauke da tulu, tana zagin yara tana zagina. Na gyara mata kicin, na wanke labulen. Ranar da aka cire ƙwan na zauna a waje. Da ta farfaɗo ta kama hannun nas ɗin ta ce tana da roƙo guda: a ba mace mai salla ƙwan. Nas ɗin ta gyara mata bargo, ta ce wannan ba a hannunta yake ba. Auta ta ce to ko a gaya mata in an haifa, mace ko namiji, shi ke nan. Aka ce ba a faɗa.

Sun cika alkawarinsu, layin ya matsa. Aka kira ni, maigidana ya je ya yi nasa, aka sa mini na wata. Na kwanta kamar yadda aka ce, na sha magani a kan lokacinsa, ban ɗaga ko bokiti ba. Jini ya zo. Bayan watanni aka sake sa mini ragowar da aka ajiye a sanyi. Wannan karon ya zauna, har aka nuna mini ɗigo a allon na'ura. Na yi 'yan makonni ina tafiya a hankali, ina riƙe ƙarfen bene da hannu biyu. Shi ma ya fita, a ban ɗakin wurin aiki, tsakanin cin abincin ƙanana da na manya. Kafin a sake samun wani shekarun sun cim mini. Likitar ta miƙo mini hannu, ta ce ta yi baƙin ciki. Ranar Litinin na koma aiki.

Ban samu ɗa ba. Wannan shi ne ƙarshen nawa.

Na Auta bai ƙare ba. Shekaru bayan haka na je Lyon hutun bazara, muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, za mu kasuwa. Wata baƙar mace ta shigo da yarinya, an yi mata kitso da ƙananan duwatsu, suka zauna gabanmu. Auta tana ba ni labarin maƙwabciyarta sai ta tsaya a tsakiyar magana. Yarinyar tana lasar alewa, tana buga ƙafa a jikin kujera. Da suka tashi za su sauka Auta ta miƙe ta bi su, alhali tasharmu da saura. Na bi ta na kama hannunta a bakin matakala mai tafiya da kanta.

“Ina za ki?”

“Kin ga wushiryarta?”

“Rabin yaran duniya suna da wushirya.”

“Shekarunta sun yi daidai, Yaya. Ki lissafa, ke ce mai lissafi.”

“Ba a bin mutane a titi. Za ta kira miki 'yan sanda.”

“Gaishe ta kawai zan yi.”

“Ki ce mata me?”

Ta bi su da kallo. Matakalar tana hawa da su, uwar ta sunkuya tana goge wa yarinyar baki, har kawunansu suka ɓace. Auta ta zare hannunta daga nawa. Ta ce ba yau ta fara ba, akwai wani yaro a wurin wasan unguwarsu da ta yi ta kai wa biskit har uwarsa ta canza wuri.

Muka koma bakin layin dogo muka tsaya. Allon ya nuna jirgi na tafe. Ta tambaye ni ko ni ma na duba yarinyar. Na ce na duba. Ta ce to me na gani. Na ce mata ta gyara ɗankwalinta, ya zame, kuma ta matsa baya daga bakin ramin.