Su wa suka tsaya masa shaida?

Ina zaune a shagona a Tanut, saura kaɗan in danna saye a kwamfuta, sai Kawu ya ce, "Dakata tukuna."

Ƙungiyar mata masu cuku ce ta sa ni in nemo mata adireshin intanet. Na shiga inda ake sayar da tsofaffin adireshin da masu su suka saki, na tace su bisa makin daraja, na samu wani da shafuka rututu ke nuni zuwa gare shi. Har na fara murna.

Kawu dillalin raƙuma ne a kasuwar Belbeji, bai san kan kwamfuta ba. Na yi masa bayani cewa yawan masu nuna adireshi shi ke ɗaga shi sama in ana bincike.

Ya ce, "To, su wane ne masu nuna shin?"

Na ce masa ban duba ba.

"Ɗana, raƙumin da ɓarayi suka tsaya wa shaida, ko kyauta ne ba na kama akalarsa."

Na koma na tace da ma'aunin haɗarin shafukan banza. Wallahi shafukan da ke nuna shi kusan duk na caca ne! Da na saya, da na jawo wa iyayenmu mata baƙin jinin da ba su ji ba, ba su gani ba.

Na zaɓi wani mai shaidu kaɗan, amma shafukan manoma da makarantu ne. Kawu ya kurɓi shayinsa ya ce, "Yawwa, wannan yana da asali."

Ku fa, wane dattijo ya taɓa gyara muku aikin da kuke ganin ku kaɗai kuka iya?