Mustapha Jika: Kansilan da Ya Cire Gada, Ya Rasu Yana Roƙon a Mayar da Ita

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi marigayi Alhaji Mustapha Jika a unguwar Gangare cikin birnin Jos a shekarar 1952. Mahaifinsa shi ne Malam Jika, wanda ya shigo Jos da ƙuruciyarsa neman aikin haƙar kuza, daga baya ya ajiye shebur ya zauna yana karantar da yara a zaurensa. Mahaifiyarsa kuwa Maimunatu ce, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Gidansu yana can ƙarshen unguwa a bakin wani rafi, wanda da rani yaro kan tsallake shi da taku biyu, da damina kuwa yakan ci tunkiya. A kan rafin akwai gadar katako tun zamanin 'yan kuza. Ta kanta yaran unguwa ke bi zuwa makarantar firamare da ke tsallake, inda mafi yawan mazauna Kiristoci ne, ta kanta kuma matan tsallake ke shigowa sayen nama da kayan miya.

Karatunsa

Ya fara karatun allo a gaban mahaifinsa a 1957, ya shiga firamare ta tsallake a 1960, ya sauke Alƙur'ani mai girma a 1965. A zauren nan ne ya ɗauki wata ɗabi'a da ta bi shi har kabari. Ƙa'idar Malam Jika ce idan ɗalibai biyu suka saɓa a kan wata mas'ala, ba wanda zai ba da amsa sai ya fara maimaita maganar abokin gardamarsa daki-daki, har shi abokin ya ce, “Haka na ce.” Rasuwar mahaifinsa a 1967 ita ta katse masa karatun boko, ya koma ɗaukar nauyin mahaifiyarsa da ƙaninsa Hammawa.

Sana'arsa da iyalinsa

Ya koyi gyaran rediyo, ya buɗe shagonsa a 1975. Bencin da ke ƙofar shagon ya zama majalisa, inda bayan la'asar teloli da direbobi da mahauta ke haɗuwa su tattauna labaran da suka ji, bisa ƙa'idar nan ta mahaifinsa. Cikin 'yan majalisar har da Ikenna, wani mai sayar da batir da wayoyin lantarki a tsallake, wanda yakan bi gada ya iso cikin minti biyar. Ikenna yakan zolaye shi da cewa, “Oga Mustapha, kafin ka gama maimaita magana, shayi ya huce.” Shi kuma ya ce, “Bari ya huce, Ikenna, mu ma mu huce tare da shi.”

A 1978 ya auri Aisatu, Allah ya ba su 'ya'ya shida, ɗaya ya koma tun yana jariri. Ya sauke farali a 1994.

Shigarsa siyasa da cire gada

A watan Disamba na 1998 mutanen mazaɓarsa suka zaɓe shi kansila, bisa shaidar da aka yi masa ta haƙuri da sauraron mutane. Yana kan wannan muƙami rikicin Jos ya ɓarke ranar Juma'a, 7 ga Satumba, 2001. A rana ta biyu aka tsinci gawar ƙaninsa Hammawa a bakin gada. Hammawa ya bar 'ya ɗaya, Murjanatu, mai shekara biyar, wadda Alhaji Mustapha ya ɗauka ya haɗa da nasa.

A watan Oktoba na shekarar ya tara jama'ar unguwa, shi da kansa ya ɗaura lasifika, ya kunna rikoda don kada magana ta ɓata. Abin da ya faɗa a ranar shi ne: “Gadar da muka bari don 'ya'yanmu su je makaranta, ta kanta aka bi aka mayar da su marayu. Muddin ina numfashi ba za a sake kafa katako ɗaya a kan rafin nan ba.” Wannan ce rana ta farko da ya yi magana bai maimaita ta kowa ba, domin babu mutumin tsallake ko ɗaya a wurin. Kafin magariba matasa sun ɓamɓare gadar. Daga nan zuwa makaranta ya zama sai an zagaya ta babban titi, tafiyar kusan awa guda a ƙafa, don haka yara suka koma naɗe wando suna ratsa ruwa. Wa'adinsa na kansila ya ƙare a 2002.

Sauya ra'ayinsa

Ranar Talata, 12 ga Yuli, 2005, an yi ruwa mai ƙarfi a kan duwatsu alhali ko ɗigo bai sauka a Gangare ba. Ruwan ya gangaro ya tarar da yara a tsakiyar rafi suna dawowa daga makaranta, ya tafi da Murjanatu tana da shekara tara. Ikenna da maƙwabtansa ne suka tsamo ta a gaɓarsu, suka lulluɓe ta da zane, suka zagayo da ita ta babban titi har ƙofar gida.

Bayan addu'ar bakwai, Alhaji Mustapha ya miƙe a gaban masu ta'aziyya ya ce ya yi kuskure, shi ya fara kawo shawarar cire gada, kuma yana roƙon a mayar da ita. Wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa shi, wasu suka ce mutanen tsallake sun saye shi. Ba a samu wanda ya tambaye shi dalilinsa ba.

Muhawarar 2006

Ganin magana ta ƙi tafiya, a ƙarshen 2006 ya nemi jam'iyyarsa ta tsayar da shi takarar majalisar dokokin jiha, da batun gada a gaba. Abokin takararsa, Alhaji Ɗanbaba mai motocin haya, ya samo kaset ɗin jawabin 2001, aka ɗaura lasifika a kan bas ana yawo da shi lungu-lungu, yara na bi suna kiran “Hawainiya.” Magoya bayansa suka shawarce shi ya ce an haɗa kaset ɗin ne. Ya ƙi, ya ce wanda ya shekara talatin yana gyaran rediyo ba zai kasa gane muryarsa ba.

Ranar Asabar, 18 ga Nuwamba, ƙungiyar matasan unguwa ta shirya muhawara, aka ba kowane ɗan takara minti biyar, da mai ƙararrawa a gefe. Alhaji Ɗanbaba ya ƙare nasa a kan zagi da kirari. Da aka zo kan Alhaji Mustapha, sai ya bi ƙa'idar mahaifinsa, ya fara kawo hujjar masu ƙin gada: tsoron farmaki, da gidajen da aka ƙona, da sunayen waɗanda aka kashe har da na ƙaninsa. Ya tsara ta yadda masu ita ba su taɓa iyawa ba. Sannan ya juya ya ce, “Alhaji, haka kuke cewa?” Ɗanbaba ya yi dariya ya ce, “Wallahi Kansila, ka fi ni iya faɗa.” Nan take aka buga ƙararrawa, lokacinsa ya cika bai ambaci Murjanatu ba. Matasa suka ɗauki fito da ihu, “Ya sake juyawa!” Washegari sabon kaset ya fito, ɗauke da muryarsa yana kawo hujjar ƙin gada. A zaɓen fid da gwani bai samu ko kashi ɗaya cikin goma na ƙuri'u ba.

Shekarunsa na ƙarshe

Daga nan ya bar siyasa ya koma shago. Majalisar ƙofarsa ta watse, kowane ɓangare ya kafa bencinsa inda ba a jin muryar kowa sai ta 'yan gida. Ya rubuta wa hukuma takarda sau uku, kowane karo sai a ce masa mutanen unguwa ba su daidaita ba. Tun daga daminar 2007, duk safiyar makaranta yakan sa takalmin roba ya shiga rafi yana miƙa yara ɗaya bayan ɗaya, Ikenna yana karɓa a gaɓar tsallake. Bayan rikicin Nuwamba na 2008 Ikenna ya daina shigowa Gangare, amma bai daina tsayuwa a gaɓa ba. Iyaye kuwa, har ranar da ake wannan rubutu, ba sa sakin yaro da safe sai sun ɗaga kai sun dubi hadarin da ke kan duwatsu.

Rasuwarsa

A farkon Yuli na 2009 sanyi ya kama masa ƙirji. Ya yi jinyar kwana goma sha ɗaya, Allah ya yi masa rasuwa da hantsin ranar Alhamis, 16 ga wata, cikin Rajab, yana da shekara hamsin da bakwai. An yi masa salla a ƙofar gidan mahaifinsa bayan azahar. A ranar rafi ya cika ya batse. Ikenna ya hango taron daga gaɓarsu, ya zagaya ta babban titi da sauri, ya iso ya tarar an wuce da makara, saura tabarmi ake naɗewa.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Aisatu da 'ya'ya biyar: Salim, wanda ya gaji shagon, Ummusalma, tana aure a Tudun Wada, Jamilu, direban bas, Hafsatu, mai koyon ɗinki, sai auta Ummi, 'yar aji huɗu a makarantar tsallake. Allah ya karɓi tubansa, ya haskaka makwancinsa, ya tsare abin da ya bari, amin.