Ranar da Mma ta Ajiye Taɓarya

Babanmu ne ya shigo da kalmar robot gidanmu a unguwar Akwatialine. A talabijin ya tsinto ta, ranar da aka nuna injuna suna haɗa mota ba hannun mutum. Daga nan duk baƙon da ya yaba fufun mahaifiyarmu, sai Baba ya gyara zama ya ce, "Ai matata robot ce, ba ta gajiya."

Mma ta ɗauka sarauta ce, irin su Magajiya. Har tafiyarta ta canza.

Wata Asabar na dawo hutu daga jami'a, tana daka ina juya mata fufun a turmi, sai ta ce, "Ke 'yar boko, robot ɗin nan me ake nufi da ita?"

Na goge hannu na duba a waya. Ashe Turawan Ingila ma aro suka yi daga harshen mutanen Cek, inda robota ke nufin aikin dole da talaka ke yi wa mai gona. Wani marubucinsu ne ya laƙaba wa mutanen ƙira sunan a wasan kwaikwayo, kalmar ta bi duniya.

"Aikin dole?" in ji Mma.

"Na dole, Mma."

"To a wasan, yaya suka ƙare?"

"Tawaye suka yi."

"Madalla," ta ce, ta jingine taɓarya.

Washegari ta kai dafaffen rogo da ayaba wurin mai injin fufu a bakin layi. Baba na kai lomar farko ya ɓata fuska.

"Hajiya, wannan ai fufun inji ne. Ba shi da rai."

"Alhaji, ba kai ke son robot ba? Ga girkin 'yar'uwata."

Baba ya ce abin ba wuya ba ne, zai nuna mana. Ya tattare jallabiya ya ɗauki taɓarya, matan gidan haya suka fito kallo da kujerunsu. Bai yi nisa ba ƙugunsa ya riƙe. Sallar Magariba a zaune ya yi ta, Mma na shafa masa man zafi tana yi masa sannu da murya mai daɗi fiye da kima.

Da ya warke, shi da kansa yake ɗora robar rogo a bayan babur ya kai inji. Yakan tsaya a kan mai injin yana faɗa wai bai yi laushi ba, a sake zubawa.